Fire Emblem: Tarihin Wasan da Wanda Ya Faɗi Ba Ya Tashi

Ranar 20 ga Afrilu, 1990, kamfanin Nintendo ya saki wani sabon kaset na wasan bidiyo a kasuwannin Japan, wanda ake sakawa a na'urar Famicom, wadda a lokacin ta yi kusan shekara bakwai tana shiga gidajen mutane. Sunan wasan Fire Emblem. Wani ƙaramin kamfani mai suna Intelligent Systems ne ya yi aikin, tare da wani sashe na Nintendo da ke ƙarƙashin Gunpei Yokoi, mutumin da ya ƙirƙiro Game Boy. Shouzou Kaga ne ya tsara wasan ya kuma rubuta labarinsa, Yuka Tsujiyoko ta haɗa masa kiɗa. Da farko kasuwa ba ta yi masa kyau ba. Zanensa bai kai na wasu takwarorinsa ɗaukar ido ba, kuma yaron da ya saba da gudu da tsallen Mario, in ya zauna gabansa sai ya ga kamar babu abin da ke motsi. Sannu a hankali waɗanda suka jure suka fara ba abokansu labari, daga wannan baki zuwa wancan, har ciniki ya buɗe. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan ana fitar da sababbin Fire Emblem, kuma abin da ya kama mutane tun farko shi ne dai yake riƙe da su: a wannan wasa kowane soja yana da suna da fuska, in kuwa ya mutu, ya mutu ke nan.

Kafin zuwansa, akwai wasanni iri biyu da ke tashe a Japan, kowanne da jama'arsa. Na farko shi ne irin Dragon Quest, wanda ya fito a 1986, inda mai wasa yake bin jarumi guda daga gari zuwa gari, yana yaƙi da dodanni, ƙarfinsa yana ƙaruwa, labari yana tafiya. Na biyu shi ne wasan dabarun yaƙi, irin Famicom Wars da shi kansa Intelligent Systems ya yi a 1988, inda ake jera tankoki da dakaru a kan taswira, aka kashe maka guda ka sayi wani a masana'anta, ba ka ma san an yi ba. Kaga ya ɗauko taswirar nan ta biyu, ya kwashe dakarun da ba su da suna, ya zuba mutane irin na wasan farko a gurbinsu.

Ga yadda abin yake. An yanka filin daga gida-gida. Ana yi bi da bi: mai wasa ya motsa mutanensa ɗaya bayan ɗaya, kowa iyakar gidajen da ƙafarsa ko dokinsa za su kai shi, wanda ya samu abokin gaba a kusa ya kai masa sara, in ya gama, na'ura ta motsa nata. Babu agogon da ke korar ka. Kana iya zama minti goma kana kallon allo ba ka taɓa komai ba, kana lissafin inda maƙiyi zai iya kaiwa a zagaye na gaba. Wanda ya tsaya cikin kurmi ya fi wuyar samu. Mai sulke sara ba ya cin sa sosai, amma tafiyarsa kamar ta hawainiya, kuma matsafi yana gamawa da shi. Makamai suna lalacewa in an yi ta amfani da su, sai an sayi wasu. Akwai ƙauyuka a bakin hanya, in ka isa da wuri su ba ka kyauta ko wani ɗansu ya bi ka, in ɓarawo ya riga ka ya rushe garin, shi ke nan. Wanda ya iya dara zai gane daɗin wannan lissafi nan take. Sai dai 'ya'yan dara duk ɗaya suke, aka ci maka guda ƙidayarka ce kawai ta ragu. A nan kuwa wanda aka ci maka shi ne Gordin ɗan baka, wanda ya biyo ka tun babin farko.

Labarin na wani yarima ne mai suna Marth, wanda aka ci ƙasarsu Altea da yaƙi, ya gudu tsibirin Talys da 'yan tsirarun barade, daga baya ya dawo nahiyar Archanea don ya ƙwato gadonsa ya kuma kawar da wani baƙin dodo mai suna Medeus. Labari ne da ba shi da wani sarƙaƙiya, babi 25 ne, magana kaɗan ce a cikinsa saboda kaset ɗin ba shi da wurin ɗaukar da yawa. Amma abin da rubutu ya kasa faɗa, filin daga ya faɗe shi.

A duba babi na uku. Rundunar Marth ta shigo wasu duwatsu da 'yan fashi suka mamaye. Can a tsakiyar taswira ga mutum biyu suna gudu: Julian, ɓarawon da ya tuba ya bar 'yan fashin, da Lena, wata mai sandar warkarwa da ya kuɓutar daga hannunsu. Ita ba ta da makami ko kaɗan. A bayansu akwai Navarre, sojan haya da 'yan fashin suka ɗauka, riƙe da takobin da yakan yi sara mai kisa farat ɗaya. Mai wasa yana iya tara masa mutum uku su gama da shi. Amma akwai wata hanyar: in gimbiya Caeda ta rundunar Marth ta isa gab da shi ta yi masa magana, zai mai da takobinsa kube ya koma ɓangarenka, ya zama ɗaya daga cikin mafiya amfani a rundunar. Ita kuwa Caeda a kan doki mai fuka-fuki take, tana tsallake dutse da ruwa, sai dai kibiya ce ajalinta, ga kuma 'yan baka a filin. To, sai ka zauna ka ƙirga. In Lena ta ja baya gida biyar, Navarre zai biyo har ina? In Caeda ta sauka a nan, bakan wancan zai kai ta? Wa zan tsayar a mashigin nan ya sha sara ɗaya bai faɗi ba? Duk wannan saboda mutum ɗaya da ba a ma tilasta maka cetonsa ba. Wanda ya yi nasarar haɗa wannan lissafi, ya fita babin da Lena da Julian da Navarre duk a raye, ya ɗanɗani abin da ake nema a Fire Emblem, kuma da wuya ya ajiye shi bayan nan.

Akwai wani darasi kuma da wasan yake koyarwa ba tare da ya faɗa ba. Tun babin farko an ba Marth wani tsohon barde mai suna Jagen, wanda ya fi kowa ƙarfi nesa ba kusa ba. Sabon shiga yakan tura shi gaba ya share filin shi kaɗai. Amma ƙarfin mutum a wasan nan daga yaƙi yake ƙaruwa, shi kuwa Jagen tsufa ya kama shi, da ƙyar yake ƙara komai. In ya cinye duk faɗan, samarin da ke bayansa, irin su Cain da Abel, za su isa tsakiyar labari ba su iya komai ba. Dole tsoho ya raunana maƙiyi, ya bar wa yaro ya ƙarasa. Har yau masu wannan wasa, duk wani dattijon barde da aka ba su a farkon sabon Fire Emblem, Jagen suke ce masa. Ƙarin ƙarfin ma da sa'a a ciki: duk lokacin da mutum ya hau mataki, na'ura ce ke jefa ƙuri'a a kan abin da zai ƙaru, ko ƙarfin hannu, ko sauri, ko jini. Shi ya sa mutum biyu za su gama wasa ɗaya, wannan ya ce Cain ne gwarzonsa, wancan ya ce nasa Cain ɗin tun babi na shida aka binne shi. Kowa da tarihin rundunarsa.

Gaskiya ne, yawancin masu wasa in aka kashe musu wanda suke so, kashe na'urar suke yi su sake babin daga farko. Wasu na cewa ai wannan ya nuna dokar mutuwar ba ta da amfani. Ni a ganina akasin haka ya nuna. Mutumin da ya yi awa guda yana fama, saura ƙiris ya kama gadon sarautar maƙiyi, sai aka harbe masa wata yarinya mai warkarwa, ya dubi awar nan tasa ya dubi yarinyar, ya zaɓi ya zubar da awar, ai ya riga ya faɗi darajarta a wurinsa. Akwai kuma masu taurin rai da ba sa sakewa ko wa ya faɗi, su ci gaba da tafiya da giɓin a cikin sahu har ƙarshe.

Da wasan ya karɓu, wasu kamfanoni suka biyo sawu. Langrisser ya fito a 1991, Sega ta yi Shining Force a 1992. A 1995 Yasumi Matsuno na kamfanin Quest ya fitar da Tactics Ogre, wanda yaƙin ƙabilancin da ya wargaza Yugoslaviya ya yi tasiri a labarinsa. Tun a ƙarshen babinsa na farko ake umartar jarumin ya karkashe 'yan ƙabilarsa da ke tsare a wani sansani don a ɗora wa maƙiya laifin, kuma mai wasa ne zai ce eh ko a'a. Matsuno ɗin ne dai ya koma kamfanin Square ya yi Final Fantasy Tactics a 1997. Shi ma Fire Emblem bai tsaya ba: Gaiden ya zo a 1992, sai Mystery of the Emblem a 1994 a kan sabuwar na'ura Super Famicom, wanda ya sake ba da labarin Marth ya kuma ɗora masa ci gaba, ya samu kasuwar da babu na baya da ya samu.

A watan Mayu na 1996 ne Kaga ya fitar da aikin da mutane da yawa suke ɗauka shi ne ƙololuwar fasaharsa, Genealogy of the Holy War. A nan aka fara dokar makamai uku da ta zama tambarin wasan: takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi yana rinjayar takobi. Doka ce da yaro zai haddace cikin minti ɗaya, amma ta sa kowane taku ya zama tambaya, domin mai takobin da ka tura ya sare mai gatari, a zagaye na gaba masu mashi ne za su same shi a tsaye. Taswirorin ma aka faɗaɗa su ƙwarai, babi guda yana ɗauke da ƙasa sukutum da biranenta, ana cin wannan ganuwa a wuce waccan.

Jarumin shi ne Sigurd, ɗan sarautar Chalphy, mutum mai gaskiya da riƙon amana, wanda ya fita ceton wata ƙawarsa ta yarinta, yaƙi ya yi ta jan sa daga ƙasa zuwa ƙasa, alhali a can fadar daular da Chalphy ke ƙarƙashinta ana ƙulla masa sharri. A tsawon tafiyar, maza da matan rundunarsa da suka daɗe suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa sukan shaƙu har su yi aure, kuma mai wasa ne yake haɗa su ta wurin tsayar da su kusa da juna. A ƙarshen babi na biyar Sigurd ya iso Belhalla, babban birnin daular, yana zaton za a wanke shi daga zargin cin amana. Arvis, wanda ya karɓe ragamar mulki, ya fito da dakaru a jere kamar masu tarbar baƙi. Sai da rundunar ta shigo tsakiya, ya yanke musu hukuncin 'yan tawaye, matsafansa suka yi musu ruwan wuta, shi da kansa ya ƙone Sigurd. Babu dabarar da za ta hana wannan. Mutanen da mai wasa ya yi sa'o'i da dama yana tattalinsu, yana sake babi saboda su, a zama ɗaya aka raba shi da su.

Daga nan labari ya tsallake shekara goma sha da ɗoriya, ya buɗe da Seliph ɗan Sigurd, wanda aka ɓoye a wata ƙasa mai nisa. Yaran da suke taruwa a bayansa 'ya'yan waccan rundunar ce, kowanne ya gaji baiwar uwa da uba, wani har da takobin mahaifinsa a hannu. Macen da ta mutu da wuri ko ba ta yi aure ba, 'ya'yanta ba za su zo duniya ba, sai a kawo wasu talakawa marasa gadon komai su tsaya a gurbinsu. Wato sakacin da ka yi a babi na biyu, a babi na bakwai za ka ga ramin da ya bari. Ban san wani wasa na wancan zamani da ya ɗora wa mai shi nauyin zuri'a haka ba.

Thracia 776 ya biyo baya a 1999, lokacin da duniya ta riga ta bar Super Famicom, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafiya wuya: mutane suna gajiya in an yi ta fita da su, hazo yana rufe fili, kuɗi ba su isa ba sai an kama maƙiyi da rai an ƙwace makaminsa. Shi ne na ƙarshe da Kaga ya yi. Ya bar kamfanin ya kafa nasa, ya fitar da Tear Ring Saga a kan PlayStation a 2001, wasan da ya yi kama da Fire Emblem har Nintendo ta kai ƙara kotu, aka yi shekara da shekaru ana shari'a. Waɗanda ya bari a Intelligent Systems suka ci gaba da riƙon gidan.

Duk wannan tarihi na Fire Emblem a cikin Japan kaɗai ya faru. Wasa shida na farko babu wanda aka fassara a lokacinsa, domin ana ganin mutanen waje ba za su yi haƙurin irin wannan ba. Abin da ya buɗe ƙofa daga gefe ya zo. A 2001 Nintendo ta fitar da Super Smash Bros. Melee, wasan dambe da ya tara fitattun jarumanta, aka saka Marth da wani sabon yaro mai suna Roy a ciki. Yaran Amurka da Turai suka ga masu takubba biyu suna magana da Japananci, suka fara tambayar su wane ne. A shekarar ce kuma Advance Wars, jikan Famicom Wars, ya samu karɓuwa a Amurka, ya nuna cewa akwai masu son wasan lissafi a can. Saboda haka a 2003 aka fitar da Fire Emblem na bakwai a Amurka a kan Game Boy Advance, Turai ta samu a 2004. An buɗe shi da labarin Lyn, 'yar makiyayan filayen Sacae da 'yan fashi suka hallaka danginta, aka mai da babobinta na farko makaranta, ana koya wa baƙo doka ɗaya bayan ɗaya.

Wasannin Game Boy Advance sun zo da abubuwa biyu da suka ƙara ɗaure mai wasa da mutanensa. Na farko hira ce. Mutum biyu da suka daɗe suna tsayawa kusa da juna a fagen fama sukan buɗe baki su yi zance, mataki uku, kowanne ya fi na baya zurfi, kuma bayan kowace hira suna ƙara wa juna ƙarfi in suna kusa. A nan ake jin cewa sojan hayan nan mai son kuɗi ƙauyensu yake aika wa, wancan mai fara'a kuma maraya ne. Wanda aka kashe kafin a kai hira ta uku, sirrinsa ya tafi da shi. Na biyu kuwa ɓoyayye ne, masu wasa ne suka tono shi da kansu. Kafin a kai sara, allo yana nuna yiwuwar samu, a ce kashi 80 cikin 100. A waɗannan wasannin, tun daga Fire Emblem ɗin da ya fito a 2002, na'ura ba lamba ɗaya take jefawa ba, biyu take jefawa ta raba tsakani. Sakamakon haka, 80 da aka rubuta a zahiri wajen 92 ne, 20 kuma wajen 8. Masu tsara wasan sun fahimci zuciyar ɗan Adam: kuskure ɗaya a kan 80 ya fi zama a rai fiye da samu huɗu. Sai suka karkata ma'aunin ya dace da abin da zuciya take tsammani, suka bar ɗan abin da zai sa gaba ya faɗi duk lokacin da aka ɗaga takobi.

Path of Radiance na 2005 ya kawo Ike, ɗan sojan haya da ba shi da jinin sarauta, da labarin wariya da bauta tsakanin mutane da wata al'umma mai rikiɗa zuwa dabbobi. Labari ne mai kyau, amma shi da ci gabansa Radiant Dawn na 2007 ba su yi kasuwa ba. Aka sake gina wasan Marth a 2008, nan ma ba a ga canji ba. Na 2010 ko fita Japan bai yi ba. Sai dai a cikinsa ne aka fara gwada abin da a da ba a taɓa tunani ba: zaɓi tun farkon wasa tsakanin tsohuwar doka da wata sassauƙa, inda wanda ya faɗi yake janyewa kawai, ya dawo a babi na gaba.

Lokacin da aka fara aikin Awakening, Nintendo ta shaida wa masu yin sa cewa in bai sayar da kwafi 250,000 ba, to daga shi an rufe Fire Emblem. Hitoshi Yamagami, ɗaya daga cikin manyan da suka kula da aikin, shi ya bayyana haka daga baya. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Sun yi ta shawarwari, har da na mai da labarin duniyar Mars, daga ƙarshe suka yanke cewa tunda wataƙila na bankwana ne, a zuba duk abin da aka taɓa so a cikinsa. Aka dawo da aure da 'ya'ya daga 1996, aka faɗaɗa hirarraki har kusan kowa yana da abin faɗa wa kowa, aka ba mai wasa damar ƙera mutum nasa ya shiga labarin, aka bar mutum biyu su haɗu a gida ɗaya suna kare juna, aka kuma riƙe zaɓin nan na sassauci. Ya fito a Japan ranar 19 ga Afrilu, 2012, a kan Nintendo 3DS. A makon farko kaɗai ya sayar da sama da kwafi 240,000. Da ya isa Amurka da Turai a 2013 sai abin ya wuce tsammani, daga baya ya haura miliyan biyu.

Tsofaffin masoya da yawa ba su ji daɗi ba. Suka ce an cire wa wasan ƙashin bayansa, an mai da shi dandalin soyayya. Akwai gaskiya a wani ɓangare na kukansu, domin taswirorin Awakening ba su kai na da tsari ba, sau da yawa fili ne buɗaɗɗe a ce ka kashe kowa. Amma game da sassaucin, ina ganin masu yin wasan sun yi daidai. Ba su soke tsohuwar doka ba, tana nan ga mai so. Ƙofa suka buɗe wa wanda tsoron asara ya hana shi shigowa, kuma da yawa daga waɗanda suka shigo ta nan, da suka saba da mutanen suka ƙaunace su, da kansu suka koma suka zaɓi mai tsananin. Ba don wannan ƙofa ba, da babu sauran Fire Emblem da za a yi gardama a kansa.

Fates ya zo a 2015, aka raba labarinsa gida uku. A 2017 aka fitar da Fire Emblem Heroes na wayar hannu, wanda ya tara wa Nintendo sama da dala biliyan ɗaya. Shi kam ban ɗauke shi ɗan gidan nan na haƙiƙa ba, domin jaruman da ƙuri'a ake samun su, mutum ya zuba kuɗi bai san wanda zai fito masa ba, abin da ya yi kusa da caca, kuma iyaye su san da haka. A shekarar ce kuma Echoes ya kawo wata dabara ta tsaka-tsaki: damar mai da hannun agogo baya taku kaɗan, sau ƙidayayye a kowane yaƙi. Mutuwa tana nan, amma kuskuren yatsa ɗaya ba zai cinye maka awa guda ba.

Three Houses, wanda ya fito ranar 26 ga Yuli, 2019 a kan Nintendo Switch da taimakon kamfanin Koei Tecmo, shi ya nuna cewa har yanzu gidan bai manta abin da ya gada ba. An mai da mai wasa malami a makarantar horon hafsoshi da ke Garreg Mach, inda 'ya'yan manyan ƙasashe uku suke karatu: ajin Edelgard, ajin Dimitri, da ajin Claude. Ka zaɓi aji ɗaya. Shekara guda kana koyar da su, kuna cin abinci tare, kana mayar musu da kayan da suka yar, kana sanin wanda ke tsoron mahaifinsa da wadda ba ta son fita daga ɗakinta. 'Yan sauran azuzuwan ma kullum kuna haɗuwa a farfajiya, wasu har kana iya janyo su ajinka. Sai yaƙi ya ɓarke, shekara biyar ta wuce, ƙasashen uku suka ja daga.

Akwai wani fili mai suna Gronder inda azuzuwan uku suka yi gasar yaƙin wasa suna ɗalibai, aka tashi aka ci liyafa tare. Ga wanda ya bi Dimitri ko Claude, labari yana dawo da shi wannan fili bayan shekara biyar ɗin, da makamai na gaske. A kan tudun da ke tsakiya akwai babban baka na harbi daga nesa, mai riƙe da shi kuwa, in ba ka janyo ta ajinka ba tun da, Bernadetta ce, yarinyar nan mai kunya da ke ɓuya a ɗaki. Tana harbin mutanenka. Kana iya hawa ka kashe ta, kana iya neman hanyar da za ka kewaye ta ka sha kibiyoyinta. Masu wasa da yawa sun sake shekarar makarantar gaba ɗaya don kawai su janyo irin su Bernadetta kafin yaƙi ya zo. A 1990 tsoron mai wasa shi ne a kashe masa nasa; a 2019 an kai shi inda yake jin nauyin na ɓangaren maƙiyi ma. Wasan ya sayar da sama da kwafi miliyan huɗu, ya fi duk na gabansa.

A Disamban 2020, shekara talatin bayan fitowarsa, aka saki wasan Marth na asali da Ingilishi a karon farko, na ɗan lokaci. Engage ya biyo baya a Janairun 2023, ya mai da hankali ga dabarun fili fiye da labari, ya kuma dawo da jaruman baya irin su Marth da Sigurd da Lyn da Ike.

Mai karatu da ke son gwadawa, shawarata ya fara da labarin Lyn na 2003, domin shi aka gina don baƙo, kuma tun 2023 yana cikin tsofaffin wasannin Game Boy Advance da Nintendo ta saka wa masu rajista a Switch. Wanda ya fi son sabon zane ya nemi Three Houses, ana samunsa da Ingilishi da Faransanci. In allon farko ya tambaye shi wace doka yake so, ya zaɓi tsohuwar.